Shekara talatin da ɗoriya a majalisa ba ƙuri'a: Eleanor Holmes Norton ta yi aiki ko ta yi zaman kallo?

Direban DC: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare na ɗauko wani dattijon Bature daga filin jirgi, mutumin Texas. Ina sa jakarsa a but sai na ga ya duƙa yana karanta lambar motata. Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, yawancin lambobin motar Washington DC, babban birnin Amurka, suna ɗauke da wani rubutu a ƙasa, ma'anarsa a daina karɓar haraji ba tare da wakilci ba. Ya ce min wannan raha ce ko me? Na ce wace irin raha, ni ɗin nan ina biyan harajin tarayya kamar kai, amma ba ni da sanata ko ɗaya, wakiliyata a majalisar wakilai kuma ba ta da ƙuri'a. Wallahi mutumin nan haifaffen Amurka, kai duk furfura, bai taɓa sani ba.

Shi ya sa na kwana ina tunanin matar nan, wakiliyar tamu Eleanor Holmes Norton. Tun Janairun 1991 take kan kujerar. Duk majalisa sabuwa sai ta kawo ƙudurin a mai da Washington jiha ta 51, har yau shiru. Ni dai ra'ayina, zamanta a wurin ma shi ke rufa wa tsarin asiri. Ana nuna ta a ce ai ga wakiliyarku nan. Da kujerar babu kowa a kai, da abin kunyar ya fi fitowa fili. Ko na yi kuskure?

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Tsaya in gane tukuna. Tana shiga zauren majalisar, tana karɓar albashi, amma in an zo kaɗa ƙuri'a sai ta naɗe hannu?

Direban DC: Haka fa, Auta. Tana da ofis da ma'aikata, albashinta daidai da na sauran. Tana kawo ƙuduri, tana jawabi, tana ƙuri'a a kwamiti. Amma ƙuri'ar ƙarshe da ke sa ƙuduri ya wuce, wannan ta mutum 435 ce, ita ba ta ciki. Su shida ne masu irin wannan kujera: ita, da na Puerto Rico, Guam, Samoa ta Amurka, Tsibiran Virgin da Arewacin Mariana.

Lauyar Kaduna: Akwai ma abin da ya fi wannan ban dariya. A 1993 aka ba su damar kaɗa ƙuri'a idan majalisa ta zauna a matsayin kwamitin kowa da kowa, wato lokacin da ake gyare-gyaren ƙuduri. Amma da sharaɗi: in ƙuri'unsu ne suka raba gardama, sai a soke a sake ba su. Ka ga ke nan ƙuri'arka tana ƙirguwa ne kawai ranar da ba ta da amfani. Ita ɗin ma an ƙwace a 1995, aka maido a 2007, aka sake ƙwacewa a 2011, aka maido a 2019. Rigar aro ce, duk wanda ya karɓi majalisa shi ke cewa a sa ko a tuɓe.

Malam Mai Tarihi: Direba, ka yi kuskure, amma ba duka ba. Bari in ba ka labarin wanda ya riga ta, Walter Fauntroy, fasto ne, abokin gwagwarmayar Martin Luther King, shi ya hau kujerar a 1971. A lokacin birnin ba ya zaɓen magajin gari ma, shugaban ƙasa ke naɗawa. Akwai wani ɗan majalisa daga South Carolina, John McMillan, shi ne shugaban kwamitin da ke kula da birnin, ya daɗe yana danne duk wani ƙudurin ba su cin gashin kai. Shi ne wanda da magajin gari baƙar fata, Walter Washington, ya aika masa da kasafin kuɗi, ya mayar masa da mota cike da kankana, cin fuska irin na wariyar Kudu.

Me Fauntroy ya yi? Ba shi da ƙuri'a a zaure, sai ya bi McMillan har mazaɓarsa, ya zaburar da baƙaƙen fata masu zaɓe na can. McMillan ya faɗi a zaɓen fid da gwani na 1972. Shekara ta zagayo, 1973, aka yi dokar da ta ba birnin ikon zaɓen magajin gari da kansiloli. To ka gaya min, da kujerar babu kowa, wa zai yi wannan?

Direban DC: Allah ya gafarta Malam, wannan ai Fauntroy ne. Ni maganar Hajiyar nan nake yi.

Malam Mai Tarihi: Ina zuwa, ɗana, kada ka yi min gaggawa. Ka san wace ce ita kafin majalisa? An haife ta a Washington a 1937, ta yi makarantar Dunbar lokacin ana raba ɗalibai da launin fata. Kakan mahaifinta, Richard Holmes, bawa ne a Virginia, da ƙafa ya gudo Washington. Ta karanta lauya a Yale, ta je Mississippi aikin rajistar masu zaɓe a shekarun da ake harbe mutane kan haka. A 1968 ita, baƙar mace, ta tsaya gaban Kotun Ƙoli tana kare 'yancin wata ƙungiyar masu wariyar launin fata na yin taro, ta kuma yi nasara. A 1970 ta tsaya wa matan mujallar Newsweek da ake hana su zama marubuta. Jimmy Carter ya naɗa ta shugabar hukumar yaƙi da wariya a wuraren aiki a 1977, mace ta farko. Irin wannan mutum ba neman albashi ya kai ta kujerar ba, da kuɗi take so da tuni tana wani babban ofishin lauyoyi.

Ɗan Kubwa: Malam, tarihin mutum daban, sakamako daban. Mu ma nan muna da masu dogon tarihi da ba su tsinana komai ba.

Hajiyar Silver Spring: Direba, ina da tambaya, kuma ka amsa tsakani da Allah. Ba kai ne ka zo nan zaure kana murna babbar 'yarka ta samu tallafin karatu ba? Wanda ake ba 'ya'yan mazauna Washington su tafi jami'ar gwamnati a kowace jiha?

Direban DC: Ni ne, Hajiya.

Hajiyar Silver Spring: To wannan dokar ta 1999 ce, an fara ta da har dala 10,000 a shekara, kuma matar da kake kira 'yar kallo tana cikin waɗanda suka tsaya aka yi ta, ita ke kare kuɗin duk shekara in an zo yanka. Ni ina Maryland, tafiyar minti kaɗan daga gidanka, ina da sanata biyu da ɗan majalisa mai ƙuri'a, ban taɓa ganin abin da ya shigo min gida kai tsaye kamar wannan ba. Sannan ka tuna birnin ya tsiyace a 1995 har aka ɗora masa hukumar sa ido kan kuɗi. Da ita aka yi cinikin dokar 1997 da gwamnatin tarayya ta ɗauke masa nauyin tsohon bashin fansho da kotuna da fursunoni. Wuraren nan na bakin ruwa da kuke kwasar fasinja daren Asabar, da yawa filayen tarayya ne da aka saki da dokokin da ta bi. Ka ci ka goge baki.

Direban DC: Hajiya, ban goge baki ba, na gode wa Allah na gode mata. Amma abin da kika lissafa ai shi ne maganata. Ana ba mu alewa don mu yi shiru. Tallafin karatu kyauta ce, wanda ya ba ka yau gobe zai iya hanawa. Ni haƙƙi nake magana. A 2014 mutanen birni suka kaɗa ƙuri'a kan tabar wiwi, ni ba na goyon bayanta ko kaɗan, amma ƙuri'arsu ce, sai wani ɗan majalisa daga jiharki ya liƙa sharaɗi a kasafin kuɗi ya hana birnin tsara sayar da ita. A 2023 kansilolinmu suka gyara dokar laifuka, majalisar ƙasa ta soke, Biden da kansa ya sa hannu, shi da ke cewa yana goyon bayan a ba mu jiha. Mu da kuɗin harajinmu sai wani daga wata jiha ya ce ga yadda za mu kashe.

Kuma a Agustan 2025 da idona na ga sojoji a bakin tashar jirgin ƙasa ta Union, da motocinsu masu launin ƙasa, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto da su. Trump ya karɓe 'yan sandan birni na kwana 30, ya fito da dakarun tsaron ƙasa. A kowace jiha gwamna ke riƙe da dakarun nan, mu namu suna hannun shugaban ƙasa. Magajiyar gari sai kallo. To ina amfanin alewar ranar nan?

Lauyar Kaduna: Nan kam Direba ya faɗi gaskiya, sai dai laifin ba na wakiliya ba ne, a kundin tsarin mulki yake. Shi ya ba majalisa cikakken iko a kan gundumar da gwamnati za ta zauna, wadda ba za ta wuce mil goma kowane gefe ba. Dalilinsu kuwa abin da ya faru a Philadelphia a 1783: sojoji da ba a biya su ba suka kewaye majalisa, hukumar Pennsylvania ta ƙi turo dakaru, 'yan majalisa suka tsere Princeton. Daga nan suka ce ba za su sake zama a ƙarƙashin wata jiha ba. Ba su hango birni mai mutum 689,545 ba, wanda shi ne ƙidayar 2020, ya fi Wyoming, ya fi Vermont, kowaccensu kuma da sanata biyu.

Dabarar ƙudurin Norton ita ce, kundin ya faɗi iyakar girma, bai faɗi iyakar ƙanƙanta ba. Sai a rage gundumar ta koma Fadar White House da majalisa da Kotun Ƙoli da filin da ke tsakaninsu, sauran unguwanni su zama jiha. An taɓa ragewa, a 1846 aka mayar wa Virginia nata ɓangaren. Inda ƙafar ƙudurin take ɗingishi shi ne gyaran kundi na 23 na 1961, wanda ya ba gundumar ƙuri'u uku a zaɓen shugaban ƙasa. In an rage ta, ƙuri'u ukun nan za su rage a hannun 'yan tsirarun da ke kwana a ciki, kusan a ce iyalan shugaban ƙasa. Sai an soke gyaran, soke gyara kuma sai jihohi 38 sun yarda.

Auta: Anti, to me ya hana a mayar da su Maryland kawai kowa ya huta?

Hajiyar Silver Spring: Auta, aure ne da ba ango ba amarya. Su ba sa so, mu ma ba mu nema ba. A 2016 suka yi ƙuri'ar raba gardama, wajen kashi 86 cikin ɗari suka ce jiha suke so.

Ɗan Kubwa: Ni fa abin da ke ba ni mamaki, su da ke koya wa duniya dimokuraɗiyya, a nan mun fi su. Abuja tana da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu, kuma duk suna kaɗa ƙuri'a kamar kowa. Abin da ba mu da shi gwamna da majalisar jiha, sai minista da shugaban ƙasa ya ga dama ya naɗa. Su suna da magajin gari ba ƙuri'a a majalisa, mu muna da ƙuri'a ba magajin gari. A haɗa mu a raba biyu a samu birni ɗaya mai lafiya.

Kawu Na Damagaram: Hhhh, Ɗan Kubwa, ka tambayi Gwarawan da aka tasa daga gonakinsu ko sun yarda kun fi wani.

Ɗan Kubwa: Kawu, wannan wata muhawarar ce, kuma ba zan musa maka ba.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a dawo kan batu. Maganar Abuja a buɗe mata nata zaren.

Malam Mai Tarihi: To mu dawo. Direba, ka ce har yau shiru, amma ba shiru ba ne, lissafi ne ke tafiya a hankali. A Nuwamban 1993 ta kai ƙudurin jihar zauren majalisar wakilai, aka kayar da shi 277 da 153, alhali Dimokurat ke da rinjaye, sama da ɗari daga cikinsu suka ƙi. A Yunin 2020 ya wuce da 232 da 180, karo na farko a tarihi da wani zaure ya amince. A Afrilun 2021 ya sake wucewa da 216 da 208. Matar da ba ta da ƙuri'a ko ɗaya ta juya jam'iyya guda daga ƙi zuwa so. A Majalisar Dattawa ya maƙale, don ana bukatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara, Joe Manchin na jam'iyyarsu ma ya ce ba ya yi.

Direban DC: Malam, ita ta juya su, ko su suka ga sanata biyu na banza? Birnin nan tun 1964 bai taɓa zaɓen ɗan Rifablikan a shugaban ƙasa ba, Biden ya samu sama da kashi 90. Ai ba soyayya ba ce, lissafi ne. Kuma lissafin nan ne ya sa ɗaya ɓangaren ba za su taɓa yarda ba.

Malam Mai Tarihi: Yanzu ka zo inda nake so. Ba yau aka fara ba, jihohi a Amurka sau da yawa bibbiyu suke shiga, ɗaya ta wannan ɗaya ta wancan. Maine da Missouri haka aka yi da su saboda bauta. Alaska da Hawaii a 1959 haka: ana ganin Alaska ta Dimokurat ce, Hawaii ta Rifablikan, sai ga shi daga baya sun yi musaya. Bob Bartlett ya zauna wakilin Alaska marar ƙuri'a tun 1945, shekara goma sha huɗu, ya fito sanata. Ba don ya fi Norton iya magana ba, shi yana da abokiyar tafiya ne. Washington ba ta da ita.

Kuma ta gwada cinikin. Ita da Tom Davis, ɗan Rifablikan na Virginia, suka shirya a ba Washington kujera ɗaya mai ƙuri'a, a ƙara wa Utah ɗaya. A muhawarar 2007 ne wani ɗan majalisa ya nemi ta ba shi fili ya yi magana, ta daka masa tsawa ta ce ba za ta ba shi ba, birnin ya shekara 206 yana ba da fili. A 2009 Dattawa suka amince 61 da 37.

Direban DC: To me ya faru?

Lauyar Kaduna: An liƙa masa sharaɗin rushe dokokin bindiga na birnin. Ga kujera, amma ku saki bindigogi a titunanku. A 2010 aka janye ƙudurin da yardarta. Ni a nan nake ganin ta yi kuskuren rayuwarta. Dokar bindiga kotu na iya rushe ta ko ba majalisa, an ma riga an rushe wani ɓangare a 2008. Kujera mai ƙuri'a kuwa in ta zauna, ƙwace ta sai an sha wuya. Ta saki tsuntsun hannu.

Hajiyar Silver Spring: Lauya, da sauƙin faɗa daga Kaduna. Ni a asibiti nake aiki, na san yadda daren Juma'a yake in aka fara shigo da yara da harbi. Matar da ta je jana'izar 'ya'yan mazaɓarta ba za ta sa hannu kan wannan ba don a ba ta maɓallin dannawa. Kuma ku lura da irin tarkon: a ba ka wakilci da sharaɗin ka yarda ba ka da ikon yin dokar garinka. Da ta karɓa, da Direba ne zai fara cewa ta sayar da su.

Direban DC: Hhh, Hajiya ta san ni. Ƙila da na faɗa.

Lauyar Kaduna: Hajiya, na ji ki, kuma ban raina abin da kike gani ba. Amma tun 2010 ɗin nan, ba kujera, dokokin bindigar ma kotuna sun ci gaba da sassaƙe su.

Auta: Ni wani abu na gani a intanet, wai Washington tana da sanatoci. Ya aka yi kuka ce babu?

Direban DC: Sanatocin inuwa ke nan. Ranar da na fara zaɓe bayan na samu takardar zama ɗan ƙasa, na ga gurbin sanata a takardar, na yi ta murna na cike. Da na fito wani maƙwabcina ya yi ta dariya, ya ce wannan ko zauren ba ya shiga, aikinsa bin ofisoshi yana roƙo, ba albashi. Jesse Jackson ma ya riƙe muƙamin daga 1991 zuwa 1997.

Malam Mai Tarihi: Kada ka raina, dabarar Tennessee ce ta 1796, Alaska ma ta yi a 1956: ka zaɓi sanatocinka ka tura su bakin ƙofa su tsaya har a ji kunya a buɗe.

Ɗan Kubwa: Malam, kunya kuma? A siyasar yanzu?

Kawu Na Damagaram: Ni abin da ban ji kun taɓo ba shi ne shekaru. Haihuwar 1937 fa. Mu in namu suka liƙe wa kujera sai a ce halin Afirka ne.

Hajiyar Silver Spring: Kawu, a nan ba zan kare ta ba. Lokacin da sojojin nan suka fito, mutane sun yi ta cigiyarta, sai takardar sanarwa ake gani daga ofis. Donna Brazile, wadda ta taɓa zama shugabar ma'aikatanta, ta rubuta a Washington Post tana roƙon ta ta huta. Wanda ke da ƙuri'a ko a keken guragu aka turo shi zai danna ya tafi. Ita kuwa muryarta ce kaɗai jarinta, da ƙafar zagaya ofisoshi. In waɗannan suka yi rauni, me ya rage a kujerar?

Direban DC: To kin ga mun haɗu. Ni ma zan rage kaifin maganata ta farko: ba 'yar kallo ba ce, na janye. Amma Malam, har yanzu ina nan kan cewa ƙwarewarta ta sa an saba da abin. Ta iya samo mana abubuwa ta bayan gida har mutane suka daina jin zafin rufe ƙofar gaba. Bature na jiya shaida ne, shekara nawa ana wannan kuka bai taɓa ji ba.

Malam Mai Tarihi: A 1978 majalisa ta amince da gyaran kundi da zai ba su cikakken wakilci, aka tura wa jihohi, cikin shekara bakwai 16 kacal suka sa hannu. Lokacin ba ta zo ba. Rashin jin mutanen Texas ya girme ta. Amma ka gaya min, da ka yi masa bayani me ya ce?

Direban DC: Ya yi shiru har muka haye gada. Can ya ce gaskiya bai dace ba. Sai kuma ya tambaye ni wace jam'iyya mutanen birnin ke zaɓa. Na gaya masa. Ya ce to, ai kuwa Maryland ba nisa, me zai hana in koma can.

Hajiyar Silver Spring: Ka taho, akwai gidan haya a layinmu.

Direban DC: Sai ƙaramar ta gama jami'a, Hajiya, in na tashi yanzu tallafin ya tafi. Bari in je, an kira ni ɗaukar wani a tashar Union.